Gashin da Hure Ta Binne

Sunana Kubura, ni ce aminiyar Hure. Karatuna bai wuce firamare da islamiyya ba, duk inda na yi tuntuɓe a rubutun nan a yi mini uzuri. Jikarta ce ta sa na zauna rubutawa, wadda aka haifa bayan rasuwarta. Yarinyar za ta girma a Toranke, za ta ji abin da ake faɗa a kan kakarta a bakin rijiya da wajen niƙa. Ina so ta ji nawa ma.

A Gaya aka haife mu, lungu ɗaya, tare muka yi tallan dafaffiyar gyaɗa a tasha. Hure doguwa ce siririya mai wushirya, kuma tun tana ƙarama idan tana tafiya ƙasa take kallo. Ita ce mai tsintar allura da maɓalli da 'yan kunnen da suka ɓata. Na faɗi wannan ne saboda daga baya mutane sun ce sawun jama'a take kallo. Ni na san ta tun ba ta san ma'anar sawu ba.

Ta auri Badaru, manomi a Toranke. Da shekara ta zagayo ni ma aka kawo ni gidan da ke jikin nasu, danga ɗaya ce tsakaninmu. Ta yi haihuwa da yawa amma ba su zauna ba, sai ta farin, Fauziyya. Kasancewarta 'yar fari, Hure ba ta taɓa kiran sunanta ba. "Yarinyar nan," haka take cewa, ko "waccan." Idan Fauziyya ta yi zazzaɓi ni ce mai goya ta zuwa wajen mai magani, Hure tana biye da mu daga nesa kamar hanya ce kawai ta haɗa mu.

Da Badaru ya rasu ya bar mata 'yar gona da saniya guda. Saniyar nan ita ce dukiyarta. Sai ta fara ramewa, ga ciki ya kumbura, ga ci babu. An ba ta kanwa, an ba ta saiwoyi, an yi mata allura, a banza. Da aka ga za ta mutu sai aka kira mahauci. Ina tsaye a wajen lokacin da ya tsaga tumbin ya zaro wani baƙin dunƙule da ya fi ƙwaryar awo girma, a murɗe kamar gammo. Leda ce. Baƙar leda ta cefane da ledar ruwa, sun haɗu sun cure.

Hure ta karɓi abin nan ta wanke shi ta rataye a jikin danga.

Na ce, "Ke kuma wace irin ƙazanta ce wannan?"

Ta ce, "Ina so in riƙa ganin fuskar wanda ya cinye mini saniya."

Daga ranar ta daina yarda da duk wani tarin shara. A shekarun nan manoma sun fara sa tifa ta kawo musu sharar Kano a zuba a gona a matsayin taki. Kowa murna yake, ita kuwa sai ta je da sanda tana tona tarin, tana fito da leda da fasassun kwalabe da tsofaffin batura. Mai gona ya ce, "Hure, ajiya kika yi a ciki?" Ta ce, "Kai aka yi wa ajiya, sai damina za ka gani." Ko tsaraba aka kawo mata a leda, sai ta juye a ƙwarya ta mayar wa mutum ledarsa, tana kallonsa har sai ya sa ta a aljihu.

A hankali abin ya zama sana'a. Ta haƙa ramuka a bayan gidanta. Da hantsi ta ɗauki buhu da kwando ta bi gidaje. Masu dabbobi da gona ba sa ba da takinsu, to amma akwai sharar tsakar gida da ta gauraye da leda, wadda ake kai wa kududdufi a watsar. Ita take karɓa. Washegarin kasuwar Ajingi kuma ta je ta kwaso ɓawon albasa da ruɓaɓɓen tumatir da ganyen rake, a ɗoro mata a jaki. Ta zauna a kan turmi ta ware komai da hannunta. Toka da ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa da kashin kaji su tafi rami, ta yayyafa ruwan wanke-wanke, ta rufe da kara. Gwangwani da ƙarfe ta ajiye wa 'yan gwangwan. Leda mai ƙwari ta wanke ta tufka igiyar ɗaure awaki, ragowar ta danna a buhu a kai Gaya wajen masu saye. Kafin damina ramin ya zama baƙar ƙasa mai laushi, ba wari. Gonarta ta fara yin gero mai kauri, maƙwabta suka fara zuwa da mangala suna neman ta sam musu.

Ina son in tuna ta a lokacin nan. Hannunta ya yi kaushi, fuskarta kullum da toka, amma tana dariya. Da yamma ta yi wanka ta shafa man kaɗanya ta leƙo ta danga ta ce, "Hajiyar tsafta, a buɗe mini ko sai na ƙara wani wankan?"

Sai dai shara tana da baki, wannan ne Hure ba ta lissafa da shi ba. Wanda yake kwashe sharar gidanka ya san abin da kuka ci da abin da ba ku ci ba. Ya san kwalin maganin da matar gida take sha a ɓoye. Hure ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ko ni. Amma mata sun san ta sani. Na fara lura idan ta yi sallama hira takan tsaya. Wata ta fara ƙone takardun maganinta kafin ta yi shara. Wata rana a bakin rijiya wata ta ce da ni, "Kubura, ƙawar taki me take nema ne a sharar mutane?"

Na ce, "Taki."

Ta ce, "Taki kawai?"

Na ce, "A'a, har da zinaren da kike zubarwa kullum." Aka yi dariya, amma ita ba ta yi ba.

Sai maganar gashi. Mu da muka taso, idan aka yi kitso ko aka tsefe kai, gashin da ya zube ba a barinsa a ƙasa. A dunƙule shi a cusa a tsagin katanga ko a tona a binne, don kada ya faɗa hannun mugu ya yi wa mutum sammu da shi. Kowace uwa ta koya wa 'yarta haka. To yanzu katangu da yawa an shafe su da siminti, tsakar gida ma haka, babu tsagin cusawa. Sai mata suka koma ƙulle gashin a 'yar leda su jefa a shara, a ganinsu sun ɓoye. Hure kuwa kowace leda sai ta kwance.

Na same ta wata rana a gindin aduwar da ke bayan dangarta tana tona ƙasa da 'yar fartanya. Na tambaye ta. Ta buɗe hannunta ta nuna mini.

Ta ce, "A taki zan zuba, a ci gero da gashin mutane? Ko a wuta zan sa? Ko in bar shi a bola duk wanda ya ga dama ya ɗauka? Jikin ɗan Adam ne fa, Kubura."

Na ce, "To ki faɗa musu mana."

Ta ce, "Wace mace ce za ta so a zo har gida a ce mata an tsinci gashinta a bola? Kunya zan ba su. Bar shi, ƙasa ta rufa mana asiri gaba ɗaya."

Haka ta yi ta yi shekara da shekaru, tana bismilla tana binnewa.

Wanda yake kai mata buhunan leda Gaya wani saurayi ne mai a-daidaita-sahu, Musbahu. Yaro mai kunya, ba ya wuce zaure. Fauziyya ce take fito masa da buhunan, kuma na lura buhu guda yakan ɗauke su lokacin da ya isa a loda goma. Ba a daɗe ba manyansa suka zo, aka ba shi, aka raba goro, aka ce sai bayan kaka. Ranar nan Hure ta shigo ɗakina ta rufe ƙofa, ta riƙe hannuna ta yi ta kuka ba sauti. Da ta fita kuwa aka yi mata barka sai ta ce, "Wai me aka yi?"

Mahaifiyar Musbahu sunanta Baiwa, mai yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ba zan ce muguwa ce ba, don ba ita ba ce. Mace ce da ta sha wahalar rainon ɗanta, kuma mai tsoro. A bazarar nan ciwon kai ya kama ta, mai tsanani, har idonta yana yin duhu a gaban kasko. Ta je wajen wani mai magani a kasuwar Ajingi, ya ce mata an binne mata gashi. Ban san ko kowa ya je haka yake faɗa masa ba. Ta dawo ta faɗa, maganar ta zaga, sai ga wata ta ce ai ta sha ganin Hure a gindin aduwa tana tona ƙasa, bakinta yana motsi.

Da hantsi suka zo. Mai unguwa da liman da Baiwa, kanta ɗaure da ɗankwali tamau, da ƙanenta riƙe da fartanya, mutane na biye. Hure tana kan turminta tana ware shara. Ta miƙe ta karkaɗe zaninta ta durƙusa ta gaishe su.

Mai unguwa ya ce, "Hure, an kawo ƙararki. An ce kina da ajiya a gindin aduwa."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, akwai."

Na so ta yi bayani tun a nan, amma ta tsaya jiran a tambaye ta, don haka aka koya mana magana a gaban manya. Ƙanen Baiwa bai jira ba. Sara kaɗan ya yi gashi ya fara fitowa, dunƙule bayan dunƙule, wani ya fara zama ƙasa, wani sabo. Mata suka ɗauki salati. Kowace tana leƙe tana taɓa kanta. Baiwa ta sunkuya ta ɗauko wani dunƙule na furfura da aka rina da lalle ya yi ja. Duk unguwar ita kaɗai take rina furfurarta haka.

Ta ce, "Wannan na wa ne?"

Hure ta ce, "Naki ne, Yaya Baiwa."

"Kun ji ko? Ta ma san nawa ne!"

Sannan Hure ta yi bayani, a hankali, kanta a ƙasa, kamar yadda ta yi mini. Ni ma na shiga na rantse na ce na sani tun tuni. Wata ta ce daga baya, "Ai dama ke ba za ki ƙi sani ba." Liman ya yi gyaran murya ya ce shi dai abin da ya karanta, binne gashi da farce abu ne mai kyau, bai ga laya ko allura ko rubutu a ramin ba, kuma zato zunubi ne. Na ji sanyi a raina, na ɗauka an gama.

Sai Baiwa ta ce, "Allah gafarta Malam, na ji. Amma ina da tambaya. Ke Hure, gashina ne ko naki? Wa ya aike ki? Shekara nawa kina riƙe da kaina a bayan gidanki ban sani ba? In alheri ne me ya hana ki faɗa?"

Na san Hure, tana auna maganar ne da gaske. Can ta ce, "Gaskiyarki ce. Ban tambaye ki ba. Ki yafe mini."

Ni na ji mace mai adalci. Su kuwa sun ji mai laifi ta amsa.

Kowace ta tsinci abin da take zaton nata ne ta ƙulle a bakin zani, har ana faɗa a kan wani dunƙule. A satin Musbahu ya ɗauki mahaifiyarsa a a-daidaita ya kai ta asibiti a Gaya. Aka auna aka ce hawan jini ne, aka ba ta ƙwayoyi, aka ce ta rage gishiri da zaman gaban wuta. Ciwon kai ya lafa. Gari ya ɗauka: ana tone gashin ta warke. Na je har gida na ce mata, "Baiwa, tsakaninki da Allah, ba maganin asibiti ba ne?" Ta ce, "Na sha magani, an kuma tone. Ke kin san wanne ne? Ni ban sani ba."

Daga sammu magana ta koma maita. Aka tuno 'ya'yanta da suka rasu. Aka tuno Badaru. Aka tuno baƙin abin da yake rataye a dangarta, aka ce wa ya san ko mene ne. Yara suka daina bi ta bayan gidan. Ni kaina mijina ya ce in rage shiga, na ce masa sai dai ya ɗaga dangar ya kai ta wani gari. Abin da ya fi komai muni, a wajenmu ana cewa maita a nono ake sha. Ke nan abin da aka liƙa wa uwa ya hau kan 'ya.

Kaka ta matso, ba wanda ya zo daga gidan su Musbahu a kan maganar ranar biki. Shi yana zuwa, amma ya tsaya can nesa da zaure, ya rame. Ya ce da ni, "Inna Kubura, ni ban fasa ba. Amma duk sanda na tayar da maganar sai mahaifiyata ta kama kai ta kwanta. Kawunnaina sun ce ba za su kai ni gidan da ake nunawa da baki ba." Fauziyya kuwa ta daina fita, ta daina cin abin kirki. Hure ba ta da damar rarrashinta a fili. Sai dai ta dama fura ta miƙo mini ta danga ta ce, "Ki ba waccan, ki ce ke kika dama."

Mai unguwa da liman suka shiga tsakani. Abin da dangin Musbahu suka yarda da shi shi ne: Hure ta daina shiga gidajen mutane, ta daina taɓa sharar kowa, ta cike ramukanta, a sare aduwar. In ta yi haka, a ɗaura aure.

Na ce mata kada ta yarda. Na ce in ta yarda ta amsa sunan ke nan har abada. Na ce mu kwashe mu koma Gaya, maza ba su ƙare ba. Ta bar ni na gama.

Ta ce, "Shi take so."

Na ce, "Ke fa? Sunanki fa? Sana'arki fa?"

Ta ce, "Kubura, shara ce fa. Sunana kuwa, in na riƙe shi a hannu yarinyar nan ce za ta biya. Gara a kira ni da shi ni kaɗai ina zaune a ɗaki, a manta da ita."

Ta kwashe takin ƙarshe ta raba wa masu so. Kaɗan ne suka karɓa, wasu ma sai da suka aiko a ɓoye. Ta cike ramukan da hannunta, ta ƙi a taya ta. Ranar da aka sare aduwar ta shiga ɗaki ba ta fito ba. Baƙin dunƙulen ledar ma ta sauke shi ta danna a buhun ƙarshe, Musbahu ya tafi da shi Gaya.

An yi biki bayan an kai amfanin gona gida. Ni na tsaya a matsayin uwa, kamar yadda aka saba. Abu ɗaya ne ba zan manta ba. Ranar kitson amarya, ƙanwar Baiwa ta zo ta zauna kusa da mai kitso tun daga farko har ƙarshe. Duk silin da ya faɗi sai ta tsince ta sa a leda. Da aka gama ta ƙulle ta cusa a rigarta. Hure tana bakin ƙofar ɗakinta tana gani, ta mayar da hannuwanta baya ta harɗe. Gashin 'yar da ta haifa ake ɓoye mata. Na yunƙura zan yi magana, ta girgiza mini kai.

Auren ya yi kyau, wannan kam alhamdu lillahi. Musbahu ya riƙe Fauziyya da mutunci, Baiwa ma da ta zauna da ita ta ga halinta sai ta sake da ita, har tana cewa ita yarinyar ba ruwanta. Abin da Hure ta saya ke nan, kuma ta samu.

Amma ita ba ta koma daidai ba. Mace ce da ba ta iya zama ba, aka zaunar da ita. Mukan tafi unguwa tare, ta ga leda tana birgima a hanya, in ga hannunta ya motsa sannan ta riƙe shi da ɗayan, don ta san duk sunkuyon da ta yi akwai idon da yake ƙirgawa. Ta koyi tafiya kanta a sama, abin da ba ta taɓa yi ba, har tana tuntuɓe. Gonarta kaɗai take tsincewa. Kududdufi ya cika da leda, iska ta riƙa kwasowa tana ratayewa a ƙaya. Akuyar wani ta kumbura ta mutu, mahauci ya nuna masa abin da ke cikinta, duk da haka sai da na ji an ce akuyar ta saba kiwo a bayan gidan Hure.

Wani lokaci ina zargin zaman nan ne ya kashe ta, wani lokaci in yi istigfari in ce kwana ne ya ƙare. Da damina ta kama zazzaɓi da tari. Musbahu ya kai ta Gaya aka ba ta gado, ta ɗan farfaɗo, ta matsa a mayar da ita gida. Fauziyya lokacin cikinta ya tsufa. Ranar da Hure za ta rasu, bayan la'asar, ina shafa mata ruwa a goshi, ta buɗe ido ta ce, "Fauziyya ta ci abinci?"

Tun da aka haifi yarinyar ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Na ce ta ci. Ta ce, "A gidan suna yi da ita?" Na ce ba sa yi, Baiwa ma ita take dafa mata ruwan wanka. Ta ce, "To shi ke nan." Ba ta ƙara wata magana ba sai kalmar shahada.

Ni da matar liman muka yi mata wanka. Waɗanda suka saba zuwa taya irin wannan aiki ranar duk suna da uzuri. Na tsefe mata kai na wanke, gashin da ya biyo hannuna na tattara shi tsaf na sa mata a cikin likkafani, ban bar ko sili ba. Maza sun yi mata salla da yawa, ban rage musu wannan ba. Baiwa ta zo gaisuwa ta zauna a bakin ƙofa, ta yi addu'a mai tsawo, hawayenta na gaske ne. An kawo mata ruwa ba ta sha ba.

Hure, aminiyata. Har yanzu idan na ji motsi a danga sai in ɗaga kai.

Ba a yi arba'in ba Fauziyya ta haihu, mace. Kawunnan Musbahu sun kawo sunaye, ya saurare su duka, da safe ya raɗa wa liman Hurera, sunan Hure na yanka. An yi gunaguni, aka ce ya ɗora wa jaririya kaya. Ya ce surukarsa ce, shi bai ga komai a wajenta ba sai alheri. Ana kiranta Ummi, kuma na lura wasu sun ji daɗin samun laƙabin.

Da wanzami ya gama askin suna ya tara gashin a 'yar ƙwarya, laushi kamar auduga. Wata ta miƙo leda. Baiwa ta ture hannunta, ta karɓi ƙwaryar ta rufe da mayafi ta zaga bayan gida. Na ba ta ɗan lokaci sannan na bi ta, don ni ma yanzu na koyi bin sawun mutane. Na same ta a durƙushe a gindin wani ɗan zogale tana tona ƙasa da guntun kara, tana waige-waige, bakinta yana motsi.

Ta gan ni ta firgita. Ta ce, "Me kike kallo?"

Na ce, "Ba komai. Bismilla na ji kina yi."

Ta mayar da ƙasa ta danne da tafin hannu. Ta daɗe ba ta tashi ba. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kada ki faɗa wa kowa inda yake."

Na ce ba zan faɗa ba. Ko a nan ma na canza sunan bishiyar.